Ta'aziyyar Mai Tuta, Wanda Ya Gina Tasha a Kan Ƙyaure

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokina, tsohon abokin aikina a tashar jirgin ƙasa, wanda kowa ya sani da Mai Tuta. Ya rasu a asibiti bayan jinyar mako bakwai, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ya bar matarsa, da 'ya'ya biyar, da jikoki tara. Mun kai shi makwancinsa bayan azahar.

Kwana uku bayan haka kamfanin jirgin ƙasa ya aiko wa iyalinsa da takardar ta'aziyya. Layi huɗu ce. A ciki sun kira shi "haziƙin ma'aikacinmu". Na karanta ta a tsaye a ƙofar gidansa, na mayar wa babban ɗansa, na ce ya ajiye ta nesa da ni. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, a kan irin wannan takarda mai tambari, sun kira shi "ma'aikacin da sakacinsa ya jawo asarar rai uku". Na san haka domin ni ne akawun tashar, kuma ni na buga waccan takarda da hannuna.

Mai Tuta, sai ka yi haƙuri da ni. An ce ta'aziyya da sanyin rai ake yin ta. Na nemi sanyin ban samu ba. Ka shiga kabari da sunan da ba naka ba, 'ya'yanka sun girma suna sunkuyar da kai saboda shi, kuma ina cikin waɗanda suka rataya maka. Idan ban faɗa yau ba, babu sauran mai faɗa.

Shekara ashirin da bakwai ka yi a ƙaramin ɗakin nan na mashigar tasha, da tutarka ja da kore, da sandunan ƙarfen da kake ja kana ba jirgi hanya ko kana tsayar da shi. Bayan an kore ka, tashar ba ta daɗe ba ita ma aka rufe ta. Masu sayen tsohon ƙarfe suka fara kwashe ta guntu-guntu da rana tsaka, da takardar izini a hannunsu. Ni da na yi karatun harkar sufuri har a ƙasar waje, na dawo na ƙare a buga wa waɗanda na koya wa lissafi wasiƙa, sai na koma gida na zauna ina zagin rediyo. Kai kuwa ka cire tsohon ƙyauren ɗakin girki, ka ɗora shi a kan benci biyu a ɗakin baya, ka ce za ka mayar da tashar inda babu mai sayar da ita.

A wurin 'yan gwanjo ka samo jirgin wasan yara, ja jawur, yana ƙyalli kamar alawa, da taragu huɗu da guntun layinsa. Ka ajiye shi a gabana ka ce, "Akawu, ka taɓa ganin jirgi haka?"

Na ce, "Wataƙila ranar da aka kawo shi."

Ka ce, "Ko ranar da aka kawo shi da ƙurar hanya ya zo."

Mako uku ka yi kana ɓata shi. Na kawo maka wasu tsofaffin mujallu da na taho da su daga waje, na nuna maka yadda masu wannan sha'awa a can suke sayen komai a kanti: tsakuwa a leda, ciyawa a kwali, har tsatsa a 'yar kwalba. Ka yi dariya har ka share ido. Ka ce, "A sayi tsatsa? Mu da kamfani ya bar mana ita gado?"

Ba ka sayi ko ɗaya ba, kuma ba ka da halin saya. Soson ƙarfe na wanke tukunya kake jiƙawa a ruwan gishiri, ka bar shi a rana har ya narke ya zama jan ruwa, shi ne tsatsarka. Baƙin gilashin fitila kake kankarewa ka shafa a saman rufin tasha, daidai inda hayaƙin jirgi ke bugawa. Kwalin sabulu kake jiƙawa ka ɓare fatar sama, sai ga kwanon rufi da layukansa. Tsinken ashana ya zama katakon ƙarƙashin layi, ka tsoma kowane ɗaya a ruwan shayi mai kauri, wasu ka bari su daɗe, domin ka ce ba shekara ɗaya aka shimfiɗa su ba. Wayar cikin ƙonanniyar fanka ta zama wayar tangaraho. Tsohon soson katifa ka marmashe ka rina, ka manna a kan jijiyar ciyawa busasshiya, ta zama bishiyoyin bayan ofis. Tsakuwar layi kuwa yashi ne ka tankaɗe sau uku. Uwar 'ya'yanka ta yi wata biyu tana neman rariyarta. Da ta gano inda take, ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Malam Akawu, ka yi wa abokinka magana. Mutane na share ɗaki su fitar da ƙasa, shi tankaɗe ta yake yi ya shigo da ita."

Amma ba kayan ne suka sa mutane ke tsayawa a bakin ƙofar ɗakin ba. Idonka ne. Wata rana ka miƙa mini buroshi ka ce in sa wa tarago ɗaya tsatsa. Na shafe shi sama da ƙasa, na miƙa maka ina jiran yabo. Ka juya shi a hannu ka ce, "Akawu, wannan ba tsatsa ba ce, lalle ka sa masa. Tsatsa daga gindin ƙusa take farawa, ruwa ya ja ta ƙasa. Kai abin da ka sani ka yi. Yi abin da ka gani." Ka wanke shi ka sake. Haka ka yi komai. Hanyar da kamfani ya shimfiɗa wa fasinja ka bar ta da ciyawa, domin babu mai bin ta. Ka fitar da 'yar siririyar hanyar da ƙafafun mutane suka yanka ta bayan tankin ruwa. Ka ɗiga baƙin mai a tsakiyar layi daidai inda injin ke tsayawa, ba ko'ina ba. Ka bar taga ɗaya ta ofis da kwali maimakon gilashi, domin haka take tun ranar da na fara aiki har ranar da na bari.

Ka kuma sa mutane. Da guntun waya da tsumma ka yi su, kowane bai kai ɗan yatsa ba. Akwai tsohuwar da ke sayar da lemo a gindin matakala. 'Yarta ta ji labari ta zo gani, shekaru bayan rasuwar uwar. Ta duba, ta ce, "Ai kuwa haka take karkata wuyanta." Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ka fita ka ba ta wuri. Tsofaffin ma'aikata kan taru a ɗakin nan su yi ta musu a kan ko famfon yana dama da ofis ne ko hagu, ba ka taɓa korar kowa ba, ko wanda ya zo da yunwa ya fake da kallon jirgi.

Da matata ta rasu na rufe kaina a ɗaki, na daina amsa sallama. Ka zo ka tsaya a bakin taga ka ce idonka ya fara rauni, kana buƙatar mai riƙe maka hantsaki. Kullum da safe sai ka zo. Wata huɗu ina riƙe maka hantsaki kafin na lura cewa ka fi ni gani, zare kake sawa a allura ba tabarau. Wannan ka yi wa mutumin da ya yi maka abin da zan faɗa yanzu.

A mashigar tashar akwai sigina, doguwar sandar ƙarfe mai hannu ɗaya. In hannun ya miƙe, jirgi ya tsaya. In ya sauka, jirgi ya shigo. Akwai wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da ke mayar da hannun sama idan ka saki wayar da ke jan shi ƙasa. Wannan dunƙule ya ɓace, maƙalin hannun kuma ya ci tsatsa, sai ya zama wani lokacin hannun na maƙalewa a ƙasa ko ka saki. Ka zo ofishina ka ce in rubuta maka ƙorafi, tunda kai ba ka iya harshen ofis ba. Na buga, ka sa hannu. Ba amsa. Ka dawo. Cikin wata goma sha huɗu wasiƙa goma sha ɗaya na buga maka. Kana hawan sandar da kanka da gwangwanin mai, kana tura hannun da gora.

Ranar wata Alhamis, da rana tsaka, leburori uku suna ƙarƙashin tarago a kan layi suna gyara. Ka saki wayar, hannun ya ƙi tashi. Jirgin kaya ya taho. Ka ɗauki jar tuta ka bi layi da gudu kana kaɗawa har ka faɗi a kan tsakuwa. Direban ya ce sigina ya gani kafin ya gan ka, kuma gaskiya ya faɗa.

Aka kafa kwamiti. Kafin zama, shugaban tasha ya kira ni ya rufe ƙofa, ya ce takardar ƙarin girmana tana kan teburinsa, kuma shi dai bai san da wata wasiƙa ba. A gaban kwamiti aka tambaye ni ko na san da wani ƙorafi a rubuce game da siginar. Kana zaune, gwiwoyinka a naɗe da bandeji, kana kallona. Na ce, "Ban tuna ba." Aka bar jaki aka daki taiki. Da yamma aka ba ni takardar korarka in buga, na buga, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Ƙarin girman bai taɓa zuwa ba. Ko cin amanar ban iya sayar da ita da daraja ba.

Ba ka taɓa tambayata dalili ba. Wannan shi ne abin da na kasa yafe maka. Da ka zage ni, da ka tofa mini yawu a kasuwa, da na huta. A maimakon haka ka yi ɗan mutum da waya ka zaunar da shi a tagar ofis a gaban tafireta, ka ce, "Ga ka nan, Akawu, ka ga har ƙusumbinka." Sannan a ƙarshen ƙyauren ka kafa siginar. Ita ka fi daɗewa a kai. Hannunta a sauke, ba dunƙule, jan ruwan tsatsa ya gangaro daga maƙalinta har gindi. Ba ka taɓa yi wa kowa bayani ba. Ba ka da lauya, ba ka da jarida, ba ka iya harshen ofis ba. Iyakar shaidar da ka iya bayarwa ke nan, da soson tukunya da ruwan gishiri, kuma shekara goma sha takwas tana tsaye a ɗakin baya.

Babban ɗanka yana da shekara goma sha bakwai lokacin da abin ya faru. A makaranta ana kiran sa ɗan wanda ya kashe mutum uku, har ya bar karatun ya koma walda. Bai taɓa yi maka rashin kunya ba, amma ba ya shiga ɗakin baya. Shi a ganinsa tsoho ne ya yi kuskure yake wasa da ƙasa don ya manta.

Kana kwance a asibiti kamfani ya shiga hidimar farfaɗo da sunansa. Wani ya ba su labarin tasharka. Suka aiko da wani jami'i mai laushin baki, ya ce wa ɗanka suna son su karrama ka, su ajiye aikinka a babban zauren ofishinsu kowa ya gani. Ɗanka ya yi murna. Ya ɗauka ga ranar wanke sunan ubansa ta zo. Shi ya taya su ɗora ƙyauren a mota.

Da suka sauke tashar a ofis suka ga ta yi datti. Haka jami'in ya ce, datti. Suka kira mai fenti. Shekara goma sha takwas na aikinka ya shafe cikin yini biyu. Rufin ya zama shuɗi mai ƙyalli. Taragun suka koma ja jawur kamar ranar da ka samo su a gwanjo. Suka shimfiɗa koren kafet na roba a kan hanyar da ƙafafu suka yanka. Suka cire mai lemo da leburorin da ka yi da waya, suka jera 'yan tsana na kanti masu kwat da jaka. Mutanen da suka bar tasha ta gaskiya ta ruɓe a gaban idonsu, su ne ba za su iya jure ganin tsatsa a kan ta kwali ba.

Ina zaune a gefen gadonka ranar da ɗanka ya zo da hoton a wayarsa, fuskarsa cike da fara'a. Ka karɓa ka daɗe kana kallo.

Ka ce, "Wa ya wanke mini tasha?"

Ya ce, "Baba, gyara ta suka yi. Ka ga yadda ta fito? Manyan mutane ne ke tsayawa suna kallo."

Ka ce ya matso maka da ƙarshen hoton. Ya buɗa shi da yatsu. Hannun siginar a miƙe sambal, fari da ja, har sun manna mata ɗan dunƙule.

Ka ce, "Sun gyara sigina."

Ya ce, "Eh, Baba, ai da a karye take."

Ka juyo ka kalle ni ka ce, "Akawu, ka gani? Wasiƙarmu ta isa."

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce mu fita. Ɗanka ya tambaye ni a baranda wace wasiƙa kake nufi. Na ce zafin ciwo ne. Ƙarya ta biyu ke nan. Bayan kwana tara ka rasu.

Akawu na gari ba ya buga takarda ba tare da kwafi ba. Wannan kaɗai ne karatuna ya amfana mini. Kwafin wasiƙu goma sha ɗaya suna ƙasan akwatina tun wancan lokaci, kowace da kwanan watanta da sa hannunka. Kwana biyar bayan rasuwarka na ɗauke su na je shagon waldar ɗanka. Na ce ya kashe injin. Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya a tsaye, tabaran walda a goshinsa. Da ya gama ya ce, "Baba, tun yaushe suke wurinka?" Na gaya masa. Ya ce, "Ranar kwamitin kana nan?" Na ce ina nan, na kuma gaya masa abin da na ce. Bai zage ni ba. Ɗanka ne. Ya cire tabaran ya ce in raka shi.

Mun sami tashar a tsakiyar zauren ofishin kamfani, an kewaye ta da jar igiya. A jikin allon da suka kafa an rubuta cewa wannan ita ce tashar a zamanin da take tashe, aikin wani tsohon ma'aikaci. Ko sunanka babu. Jami'in ya gane ɗanka, ya taho yana miƙa hannu yana yi masa gaisuwar rashi. Ɗanka ya tsallake igiyar.

Jami'in ya ce, "Malam, ba a taɓawa."

Ya ce, "Ta ubana ce."

Ya sa farce ya ɓalle ɗan dunƙulen da suka manna, ya ajiye wa jami'in a tafin hannu. Sannan ya kama hannun siginar da manyan yatsunsa masu tabon wuta, a hankali kamar mai taɓa idon jariri, ya fara sauke shi. Ya waiwayo ya ce, "Baba, haka take?"

Na ce, "Ƙara kaɗan."

Ya ƙara.

Na ce, "Haka take."

Masu gadi biyu suka raka mu har bakin titi. Na san wataƙila kafin a tashi aiki sun sake miƙe ta. Su miƙe. Ɗanka ya ce ko da kotu sai ya dawo da ƙyauren gida, ya kuma tambaye ni yawan gishirin da kake zubawa a ruwan.

To, ga shaidata, wadda ya kamata in bayar shekara ashirin da biyu da suka wuce. Mai Tuta bai yi sakaci ba. Ya saki wayar a kan lokaci. Ya kai ƙorafi a rubuce sau goma sha ɗaya, ni na buga, kuma na tuna. Na tuna a ranar da na ce ban tuna ba. Kwafin yana hannun ɗansa, duk mai so ya je ya gani. Waɗanda suka karɓi wasiƙun suka jefa a kwando, wasu sun mutu da lambar yabo, wasu suna nan suna yanka kintinkiri. Ban yafe musu ba, kuma ba ni da bakin da zan ce a yafe mini.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maKa. Ka san abin da ya faru a mashigar tasha ba tare da kwamiti ba. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa haƙurin da ya yi ya zama nauyi a mizaninsa. Ka sa Aljanna ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwar 'ya'yansa, wadda ta riƙe gida lokacin da maƙwabta ke nuna shi da baki, ba ta taɓa sakin hannunsa ba. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya saka miki. Ga 'ya'yansa biyar da jikokinsa, ku ɗaga kanku, ubanku bai kashe kowa ba. Ga tsofaffin abokan aikinmu da suka rage, Allah Ya sa mu cika da imani.

Sannan ga iyalan leburorin nan uku, waɗanda aka gaya musu sunan da za su tsana aka sallame su, ba wanda ya taɓa rubuta musu ko layi huɗu. Mutumin da kuka yi shekara ashirin da biyu kuna riƙe da shi a zuciya, shi kaɗai ne ya yi gudu don ya ceci naku. Allah Ya jiƙan su, Ya jiƙan shi tare da su. In za ku iya, ku sa shi a addu'a. Amin.